Bencin Babanmu

Da aka raba gadon babanmu a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad, yayyena maza suka ɗauki hawasha, gonar audugar da ke bakin turu'a, wato magudanar ban ruwa, ni kuma na roƙi bencinsa na kafinta. Babu wanda ya yi jayayya da ni. Shekara biyar ke nan bencin yana jingine a bayan rumbu tun da ciwon ƙafa ya hana Baba aiki, gara ta cinye wa bencin ƙafa guda, kaji kuma sun mai da samansa wurin kwana. Mijina ya ɗauko shi a amalanken jaki, yana ta tambayata ko makamashi nake so in yi da shi.

Ban san yadda ake gyara ba. Ina dai da tunanin yarinta, lokacin da nake zama ƙarƙashinsa ina tara ɓawon katako yayin da Baba ke sassaƙa ƙafafun angarib, gadon igiya da kowa ke kwana a kai. Sai na aika wa Baffa, ƙanen Baba, wanda suka yi sana'ar tare kafin idonsa ya yi rauni. Ya zo da sandarsa da wani tsohon buhu mai ɗauke da zarto da gizago da fara, abin da ake kankare fuskar katako da shi.

Ya daɗe yana shafa bencin da tafin hannu. Daga baya ya gaya mini cewa katakon saman daga Makwar ya fito. Shi da Baba sun yi lebura a can wurin gina madatsar ruwa suna samari, da aka gama aka zubar da katakan aiki, suka ɗauko wannan a kai, suna karɓa-karɓa har gida. Baba bai taɓa ba ni wannan labarin ba.

Baffa ya ce hannunsa ya sani amma idonsa ba ya gani, don haka ni zan riƙe kayan aiki. Muka fara da wanki da toka da ruwan zafi. Mijina ya samo mana reshen bagaruwa busasshe daga wajen Dinder, na yanka shi da zarto, yankan ya karkace sau biyu, Baffa yana jin ƙarar kawai ya san na karkace. Kwana huɗu na yi kafin bakin sabuwar ƙafar ya shiga raminsa daidai, hannuna duk kanta. Ya hana a sa ƙusa ko ɗaya, sai turakun itace da muka fiƙe da wuƙa. Matan unguwa suna leƙowa ta kan darni suna dariya, wata ta ce auduga na jiran tsinka ni ina nan ina aikin maza. Na ba su shayi, suka zauna kallo.

Ranar da na fara kankare saman, na iso wani wuri da ya lotsa kamar ƙaramar ƙwarya a gefen dama. Na danna fara zan daidaita shi, Baffa ya riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, bar wurin nan. Nan ubanki ke aza icce yana sara, shekara talatin."

Na ce ai benci ba zai yi daidai ba. Ya ce wanda zai yi aiki a kai zai gode wa ramin, don itace ba ya zamewa a cikinsa. Na bar shi. Muka shafe katakon da man riɗi har ya yi duhu yana sheƙi, muka kafa shi a rumfar tsakar gida, Baffa ya jijjiga shi da ƙarfi bai motsa ba.

Abu na farko da na yi a kai ƙotar fartanya ce, ta fito a ɗan karkace, amma mijina ya yi noma da ita damina biyu. Baffa kuwa ya mai da rumfar wurin zamansa. Kullum da hantsi zai zo in dafa masa jabana, wato gahawa, ya zauna kusa da bencin yana gyara mini riƙon gizago, har ranar da ya ce yanzu zan iya gwada angarib. Na yi shi cikin wata guda, shi ya ɗaura igiyar da kansa, ya sa aka kai masa ɗakinsa.