Rodin Gadar Mas'udu

Mas'udu ɗan garin Ruwan Godiya ne, ɗan Baba Ɗanliti mai amalanken shanu. Ya karanto injiniyanci, ya dawo gida da kwamfuta da taurin kai. Aikinsa gwada gini a manhaja kafin a zuba siminti. Manhajar takan yayyanka gini ƙanana-ƙanana kamar raga, ta faɗi nauyin da kowane yanki zai ɗauka. Aibinta ɗaya, ba ta haɗa iri biyu. In ta karɓi dunƙulen kankare mai tsawo da faɗi da kauri, sai ta ƙi rodi, don shi a wurinta layi ne kawai. Rani da damina Mas'udu na fama da ita, har layi da dunƙule suka zauna a raga ɗaya.

Gwajin farko a kan gadar da za a gina a rafin garinsu ya yi shi, inda mahaifinsa ke ƙetarawa da masara. Ya miƙa wa ɗan kwangila, Alhaji Gide, zanen aiki da hoto mai launi daga kwamfuta.

Ranar da ya je dubawa, an riga an zuba kankare. Guntayen rodi na zube a gefe, siraran nan na ƙarfen taga. Ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa da hannu.

"Alhaji, mine ne wannan?"

"Abin da hotonka ya nuna mana, injiniya. Duba, kamar zare. Ni har ƙari na yi maka."

"A kwamfuta layi ba shi da kauri! Kaurin na rubuce a zane."

"Zanen na mota," in ji Alhaji, yana sakace haƙori.

Mutumin da ya tsufa a kwangila, shi ne bai san rodi ba? Ya sani sarai. Mafaka ya samu a cikin wahalar Mas'udu, kuma abin ƙyamar ke nan. Mas'udu ya kai ƙara ofishin hukuma, aka ba shi lemo aka ce za a duba. Aka shafa wa gada fenti, mutanen gari suka raɗa mata suna Gadar Mas'udu.

Da kaka ta yi, Baba Ɗanliti ya shaƙe amalanke da masara, ya sa riga ta fita kunya, shi zai fara haye gadar ɗansa. Sai ya tarar da ƙaya jibge a bakinta, Mas'udu na tsaye hannuwa duk jini.

"Wane ɗan banza ne ya rufe gadar ɗana?"

"Ni ne, Baba. Ku bi ta cikin rafi."