Kunun Sadaka Mai Gudaji

Mai gidana ya rasu da kaka, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Tela ne, a Fagge muke zaune. Na fita takaba amma ban fita daga ɗaki ba. Ni da ko kazar maƙwabta ce ta shigo sai na tambaye ta mutanen gidansu, sai ga shi bakina ya mutu. Abinci ma sai an matsa mini. Yarana biyu a gidajen mutane suke ci.

Yayan mai gidan ya zo daga Rijiyar Lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Idan Sallah ta same ki a haka, zan kwashe yaran, ke kuma ki koma wajen danginki." Na ji shi sarai.

Azumi ya kama cikin bazara. Muna da maƙwabciya, tsohuwa Bafulatana, Inna muke ce mata. Mu kuwa Barebari ne, saboda haka tsakanina da ita ba gaisuwa sai tsiya. Ta ɗaga labulena ta ce, "Baiwata, ina tukunya? Mamaci yana jiran sadaka, matarsa ta zama tabarma."

Ta ɗauki tukunyar da kanta, ta ɗebi gerona, ta hura wuta a murhuna. Da magariba ta kawo jiki, ta kai kunun tsamiya zaurenmu, don 'yan dakon da ke tasowa daga kasuwar Sabon Gari su sha ruwa.

Ɗakina a jikin zauren yake, kunnena kuma bai yi takaba ba.

"Allah ya jiƙan mai gidan nan," in ji wani. Aka amsa da amin. Aka fara sha.

"Kai, wannan kunu ne, ko tuwo ne ya fasa?"

"Tauna dai, sadaka ce."

Wani mai muryar dattawa ya ce, "Ashe abin da marigayi ya yi ta sha ke nan. Allah ya ba shi ladan haƙuri."

Ni fa duk layinmu idan an yi haihuwa ni ake kira damun kunu. Na kwana da maganar nan. Washegari aka maimaita, har da mai cewa ya samu gudajin da ya kai ƙwan zabo, zai kai wa iyali.

Ranar da na kasa jurewa na fito tsakar gida, na tarar Inna tana zazzaga gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, ba damu, ba ruwan sanyi.

Na ce, "Inna, wa ya koya miki wannan? Saniya?"

Ta ce, "Au, gawa ta yi magana. Karɓi ludayin, ni dama fura na sani."

Na karɓa. Na sake jiƙa tsamiya, na daka citta da kanumfari. Mai azumi ba ta ɗanɗana, saboda haka sai na jira kiran salla kafin na san abin da na yi. Na kurɓi ludayi ɗaya don in ji tsami. Na ƙara don in tabbatar. Da na farga, ƙwaryar gabana ta bushe. A zaure ban ji yabo ba, sai ƙarar ludayi da mai cewa a miƙo.

Akwai wata Madam 'yar Ibo mai sayar da manja a Sabon Gari, a da mai gidana ne ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan Kirsimeti. Labari ya kai mata ta bakin 'yan dako, ta aiko da wake da man gyaɗa, ta ce a ƙara da ƙosai, ita ba ta azumi amma ta san yunwa. Aiki ya ninku. Surfe da safe, niƙa da rana, suya da yamma. Barci ya dawo da kansa. Yaran ma suka sha wanka, don ba na yarda hannu mai dauɗa ya raɓi ƙulluna.

Malamai sun ce ladan sadaka yana isa ga mamaci, ban musa ba. Ni dai nawa rabon tun a tsakar gida na fara karɓa.

Jajiberin Sallah yayan mai gidan ya zo. Ya zauna cikin 'yan dako ya sha kunu, sannan ya yi sallama ciki. Na shimfiɗa masa tabarma, na gaishe shi, na ba shi labarin gudajin Inna, da waken Madam, da ɗan dakon da haƙori ke damu, da yadda tsamiyar bana ba ta da tsami. Ya yunƙura zai tashi, na tuno wani. Ya sake yunƙurawa, na tuno wani.

Da ya samu ya kai bakin zaure, na ce, "Yaya, maganar yaran fa?"

Ya sa takalmansa ya ce, "Su zauna. Dole a bar miki masu saurare."