Ranar da Goggo Hassi Ta Ɗauko Alƙali

Ku da kuka san Goggo Hassi, yayar mahaifina, kun san ba ta taɓa shiga kotun Sabon Birni hannu rabbana ba. Maganarta kullum ita ce, "Baki shi ka ƙarya, kaya ba su yi." Duk abin da ake shari'a a kansa, sai ta ɗauko shi ta dire gaban alƙali.

Abokin shari'arta kuwa ba ya canzawa: Ɗanjimma, maƙwabcinmu a Kurawa. Katangarsa na jingine da tamu, gonarsa ma haka.

Kun tuna akuyar Ɗanjimma? Ta cinye waken da Goggo ta shanya, Goggo ta rungume ta a kan kabu-kabu har bakin kotu. Masinja ya tare ƙofa, ya ce ba a shiga da dabba.

"Ɗana, kauce. Ita ta ake ƙara, Ɗanjimma ɗan rakiya na!"

A ciki Ɗanjimma ya dage wai akuyarsa ko ƙamshin wake ba ta so. Goggo ta kwance bakin zanenta, ta miƙa tafin hannu cike da wake. Wallahi saura kaɗan akuyar ta haɗa da yatsa! Alƙali ya yi ta tarin da ba shi da shi.

Da indararon Ɗanjimma ya zubar mana da katanga kuma, Goggo ta cika ƙwarya da laka ta aza a kan teburin shari'a.

"Haba Goggo, ai da kin faɗi ma na yarda," in ji alƙali.

"Allah shi gafarta Malam, yarda daban, gani daban."

Amma shari'ar da ta hana mu dariya ita ce ta gona. Daminar da mahaifinmu ya rasu, da hantsin ranar shuka, Ɗanjimma ya shigo da garmar shanu cikin kwarin gonarmu, wai iyaka can take wajen gawo. Kwarin nan shi ke ba mu dawar da muke ci ni da Inna da ƙannena. Muka kai ƙara, amma dattawan da suka san iyakar duk sun riga mu gidan gaskiya.

Goggo ta ce akwai shaida. Kakanmu ya binne ɓarin dutsen niƙa a kan iyaka, tana yarinya, a gabanta. Ta saɓa fartanya.

"Za ni tono shi in kai ma alƙali."

Kun san ni, gaisuwa ma da ƙyar take fita bakina. Ranar dai na riƙe ƙotar fartanyar da hannu biyu.

"Goggo, in kika cire shi daga wurin, ya zama dutse kawai."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe bebiyar gidanmu na magana?" Ta yi tsaki. "To, shi kenan. In shaida ba ta zuwa kotu, kotu ta taho ga shaida."

Ta shimfiɗa tabarma daidai wurin ta zauna, don kada wani ya riga ta tonawa. Ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, ta ƙi tashi. Duk mai wucewa zuwa Sabon Birni sai ta ba shi saƙo: "Ka ce ma alƙali tsohuwa na jira nai." Saƙo ya yi wa bawan Allah yawa, sai ga shi a bayan babur, yana riƙe da hularsa.

Goggo ta miƙa wa Ɗanjimma fartanya. "Kai za ka tona, kada a ce ni na saka."

Ya tona, ya tona, yana murmushi. Sai ji muka yi ƙwal! Murmushi ya tafi. Alƙali ya tabbatar mana da kwarinmu a nan tsaye, Inna ta rangaɗa guɗa. Daga ranar, duk inda Goggo ta zauna sai ta ce, "Na ɗauki akuya, na ɗauki laka, na ɗauko alƙali!"

Da ta rasu, ba wanda ya kai Ɗanjimma kuka. Abin ya daɗe yana damuna, sai ranar sadakar bakwai na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili.

Ya share ido da bakin riga.

"Ɗiyata, ta kayar da ni kowane karo, amma ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Allah shi jiƙan Hassi, shi sa ta iske shari'a mai sauƙi."