Rami a Takalmin Yaya

Rumfarsa tana jingine da katangar tashar mota, wurin da inuwa ba ta leƙowa sai rana ta karkata. Kayan cikinta ba su da yawa: benci guda, akwatin katako cike da ƙananan ƙusoshi, gwangwanin gam, basilla, aska, guduma, sai tulin takalman da masu su suka kawo gyara suka manta. 'Yan tasha Mai Takalmi suke ce masa. A gidansu kuwa Auta ne, har yau da furfura ta cinye masa rabin gemu.

Su biyu iyayensu suka haifa. Babban, wanda yake kira Yaya, ya yi karatu har ya zama malamin makaranta, daga baya shugabanta. Shi kuwa Auta karatu ya ƙi shiga kansa, mahaifinsu ya gaji da duka, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon mai gyaran takalmi. Yaya bai taɓa zagin sana'ar ba. Da ya zage ta ma da sauƙi. Shiru ya yi a kanta shekara da shekaru. Idan hanya ta biyo da shi ta tasha, ɗaya gefen titin yake bi, ya ɗago hannu daga nesa. Idan abokan aikinsa suka tambaya, sai ya ce, "Ƙanena ne, yana 'yan kasuwancinsa." Nasa takalman kuwa, wani can bakin layinsu yake kai wa.

Auta bai taɓa yin ƙorafi ba. Yana zuwa gaisuwa, yana jera kujeru ranar biki, yana dariya idan an yi abin dariya. Kowa yana cewa mutum ne mai haƙuri, shi ma har ya yarda haƙurin ne.

Bayan Yaya ya ajiye aiki, wata safiya Auta ya ɗago kai daga ɗinki ya ga ƙafafu sun tsaya a gabansa cikin baƙin sau-ciki. Bai gane su ba, don bai taɓa riƙe su ba. Sai da ya ji murya.

"Matsa min in zauna mana. Ko bencin na haya ne?"

Auta ya miƙe da sauri har gam ya kusa kifewa. Ya goge bencin da hannun rigarsa. Yaya ya zauna, ya cire takalmin dama ya miƙa masa.

"Wannan abin cizona yake a dunduniya. Duba ko ƙusa ce ta leƙo."

Auta ya zura hannu ciki ya shafa. Babu ƙusa, babu tudu. Ya ce a cire safa. A tsakiyar dunduniyar akwai wani baƙin tabo kamar ɗigon tawada, bai kai maɓallin riga ba, gefensa a yayyage, wani sashe ya fi wani duhu. Auta ya riƙe ƙafafun mutane ba iyaka. Ya san faso, ya san kanta, ya san inda ƙaya ta karye a ciki. Wannan bai san shi ba, kuma jikinsa bai ba shi ba. Har ya buɗe baki.

Daidai lokacin Yaya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗaga wa mai shayi hannu. Wani direba ya rusuna ya ce, "Malam, barka da zuwa, ashe ɗan'uwanka ne?" Yaya ya ce, "Ƙanena ne, ciki ɗaya." Sannan ya juyo ya dubi Auta.

"Yaya dai, gwani? Za ka iya, ko ya fi ƙarfinka?"

Auta ya rufe bakinsa. Ya zare shimfiɗar cikin takalmin, ya auna inda tabon yake sauka, ya sa aska ya ƙwaƙule ɗan rami daidai wurin, ya cika shi da soso mai taushi, ya lulluɓe da siririyar fata. Yaya ya sa, ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya sake takawa.

"Kai! Auta, dama haka hannunka yake?"

Daga baya mutane sun ce rashin sani ne. Sun yi masa adalci fiye da yadda ya kamata. Auta bai san sunan abin ba, amma ya san ba aikin aska da gam ba ne. Ya kuma san wani abu: ranar da ya ce "je asibiti", Yaya zai tashi daga bencin nan, ya koma hannun masu farar riga irinsa, masu karatu, kuma ba shi da sauran dalilin tsallako titi. Bai taɓa faɗa wa kansa wannan a fili ba. Abin da yake gaya wa kansa shi ne, bari a ga wata mai zuwa.

Watanni suka yi ta zuwa. Duk lokacin da cizon ya dawo, Yaya yakan dawo. Tabon yana faɗi, yana tasowa, Auta yana yanka sabuwar shimfiɗa da ramin da ya fi na baya, ya jefa tsohuwar cikin buhun guntaye, don mai sana'arsa ba ya zubar da fata. Aikin bai taɓa cin lokaci ba, amma Auta ya koyi jan sa. Sai ya ce gam bai sha iska ba. Yaya ya ce ba ya sauri. Suna shan shayi, suna tono abubuwan da Auta ya ɗauka shi kaɗai yake tuna su.

"Ka tuna ranar da ka ɓoye jakar makarantarka a kan rufi, ka ce kare ya gudu da ita?"

"Kai ne fa ka tona ni."

"To wane kare ne yake hawa tsani?"

Suka yi dariya har mai shayi ya taya su bai san kan zancen ba. Sai da Auta ya haura shekara hamsin sannan ya ji yana da yaya.

Wata rana matar Yaya ce ta zo da kanta, ta tsaya a bakin rumfa da jakar cefane. Ita da Auta ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ɗan ƙaramin mijina, ka ƙwace min babban. Me kake ba shi a nan?"

"Abin da ba kya ba shi: kunne."

"Allah ya shirye ka." Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ina ganin jini a safarsa in na zo wanki. Ya hana ni duba ƙafar, ya ce kai kana kula da ita. Me ka gani?"

Auta ya mayar da ido kan zaren da yake ja.

"Ni takalmi na sani, Matar Yaya."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta yi masa daɗin faɗa.

Abin da ya kai Yaya asibiti a ƙarshe ba dunduniyar ba ce. Wani ƙulli ne mai tauri ya fito masa a matse-matsin cinya, matarsa ta ce ko ya bi ta ko ta kira 'ya'yansa su ɗauke shi. Aka yanki ɗan ɓangaren tabon aka kai gwaji. Sakamako ya ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta bar ƙafar ta shiga jiki. Yaya ya yi gardama irin ta tsohon malami: ai wannan ciwon masu farar fata ne da suke shanya jikinsu a rana, shi kuwa ƙafarsa ba ta rabuwa da safa. Aka ce masa akwai irin da yake fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, kuma baƙar fata ba ta hana shi. Aka yanke abin da za a iya yankewa.

A asibitin akwai wata matashiyar likita da take bincike a kan wannan nau'in. Tana bin masu shi gado-gado, tana tambayar inda tabon ya fara, da irin aikin da suke yi, da abin da suke takawa. So take ta gano dalilin da zai sa ciwon ya zaɓi wurin da rana ba ta gani, ko nauyin jiki da gugar takalmi suna da hannu a ciki. Ta ce ita ma ba ta da tabbas, shi ya sa take tambaya. Da ta nemi tsofaffin takalman Yaya, matarsa ta ce, "Ƙaninsa ne yake gyara masa. Shi za a tambaya."

Auta ya juye buhun guntaye a ƙasan rumfa ya tsinto tsofaffin shimfiɗun duka. Ya daɗe yana kallonsu. Zai iya kai ta ƙarshe kaɗai, ya ce sauran sun ɓace, babu mai ƙaryata shi. Ya kai su gaba ɗaya. Zai so a ce gaskiya ce ta tura shi, kuma akwai ta. Amma a hanya ya kama kansa yana goge ɗaya da babban yatsa, don likita ta ga yadda gefen ramin ya fita sumul. Wannan ya fi komai ba shi kunya.

Likitar ta jera su a kan farin tire a gefen gadon Yaya, daga ƙaramin rami zuwa wanda ƙwai zai zauna a ciki. Ta auna, ta ɗauki hoto, sannan ta dubi Auta.

"Baba, tun wannan na farkon kana ganin tabon da idonka?"

"Ina gani."

"Launinsa ɗaya ne a lokacin?"

"A'a. Wani gefen ya fi baƙi. Daga nan," ya nuna ta tsakiya, "ya fara tsattsafo da ruwa."

Ta rubuta. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ma ɗago kai ba. Matar Yaya ce ta yi tambayar.

"Likita, da an zo tun yana kamar wancan ƙaramin fa?"

Likitar ta ajiye biro. "Ba zan rantse miki ba. Amma sau da yawa idan aka same shi a haka, yanke shi kawai ake yi, mutum ya ci gaba da rayuwarsa."

Ta tattara kayanta ta yi godiya ta fita. Matar Yaya ta dubi Auta, kallon da babu tsokana a cikinsa ko kaɗan, ta ɗauki flas ɗin ruwan zafi ta fita ita ma, alhali a cike yake.

Suka rage su biyu, da ƙafar da aka naɗe da bandeji a kan matashi.

"Yaya, ni..."

"Yi shiru. Kada ka kwashe kayan duka, ba naka ne kai kaɗai ba." Muryarsa har yanzu ta shugaban makaranta ce. "Akwai mai gyara a bakin layinmu. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa na bar shi na keto gari?"

Auta ya ɗago kai ya dube shi.

"Shi na fara kai wa. Ya kalli ƙafar ya ce, Malam, wannan na asibiti ne, ni ba zan taɓa ba. Na ɗauki takalmina na fito. Ina tsoron wuƙarsu, Auta, tun ina yaro. Sai na zauna na yi tunani, wa zai gyara min ba tare da ya gaya min abin da ba na so in ji ba? Na san kai ba za ka iya ba. Na san abin da kake nema a wurina. Tuntuni na sani."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya riƙe ƙarfen gadon.

"Ashe ba wurina kake zuwa ba."

"Da farko, a'a."

A waje ana tura wani gado, tayarsa ɗaya tana ƙara. Auta ya jira har ƙarar ta ɓace, don yana tsoron tambayar.

"Daga baya fa?"

Yaya ya juya fuska wajen taga. "Daga baya wani zuwan ƙarya nake yi. Ba ya cizona. Kai ma ka sani, kana dai ƙara soso kana cewa gam bai bushe ba."

Auta ya so ya yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ne. Yaya ya miƙo hannu bai juyo ba, ya dafa masa kai kamar yaro.

"Da shayi kawai na ce ka saya min," in ji shi, "ai da ka saya."

Yaya bai sake taka ƙasa da wannan ƙafar ba. Aka mayar da shi gida, Auta ya riƙa rufe rumfa da wuri yana zuwa ya zauna a gefensa, ya juya shi, ya taimaka masa ya yi wanka. Matar Yaya tana buɗe masa ƙofa, tana amsa gaisuwarsa, shi ke nan. Shekarar ba ta ƙare ba suka binne shi.

Akwai tambayar da Auta yake yi wa kansa idan kasuwa ta yi sanyi: da za a mayar da shi safiyar nan, dunduniyar tana hannunsa, zai buɗe baki? Yawanci yana cewa eh, da sauri. Amma ya san wan nasa: da ya je asibiti, ya warke, ya ci gaba da ɗago hannu daga ɗaya gefen titi har tsufa ya ɗauke ɗayansu. A ranakun da wannan tunanin ya riga amsar zuwa, Auta yakan ɗan jinkirta kafin ya ce eh, kuma bai gaya wa kowa ba.