Zanen da Ba Ya Hana Uwa Kuka

A rumfar masu tura fina-finai a Ƙofar Dundaye, wata dattijuwa mai farin hijabi tana karanta labarin zane na Japan a wayarta, daga dama zuwa hagu kamar allo. Mai rumfar yana dariya.

"Hajiya, wanga duk jini da gawa. In tura maki wa'azi?"

"Wa'azi ina da shi gida, ɗana. Turo mani kashi na gaba."

Maccido, wanda ya binne ɗansa bana, yana kallon yatsanta da ba ya rawa, yana tunanin wa ta rasa. Ta lura, ta miƙo masa wayar.

"Karanta, Malam. In yaro ya mutu a nan, uwar ihu take yi, ba mai cewa ta yi shiru."