Direban da Ya Nufi Kano da Baya

Turai, ke da kike cewa ban iya komai ba sai ƙarya, zo Kwanar Ɗangora ki ga wani mutum. Dogo ne kamar gwangwala, ga gashin baki a murɗe, ina jin tsohon sojan yaƙin Bama ne. Jif yake ja, laka har rufinta. Daga dajin Doguwa ya fito, ya hau kwalta bai cire giyar daji ba, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare. Yanzu tayoyi na kuka, sitiyari ya yi tauri, sandar giyar ta ƙi motsi.

A gefensa Baturen gona na barci, baki buɗe. In ya farka ya ji yadda kwalta ke cin tayoyinsa, aikin direba ya ƙare. Kuma facin da ke wuyan rigar direban ya gaya min masu jiran tuwo a gidansa suna da yawa.

Bai ko yi tsaki ba. Ya sa ribas, yana lallaɓawa da baya zuwa yashin gefen titi, don giyar ta saki.

Mai tsire ya ce, "Direba, an mayar da Kano baya ne?"

Direban ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mai barcin. Wallahi kasuwa duka ta yi tsit, har akuya ta haɗiye kukanta. Can sandar ta saki, ƙas. Ya sara mana, ya wuce.

Har la'asar mai tsire da raɗa yake ciniki.