Rubutun Kwalin Turare Ya Ci wa Gwaggona Salla Biyu

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Harra ta Gabas a Madina, ina kuma haɗa wa mutane shafukan intanet. Sakandare kawai na gama, amma ina da ƙa'ida. Na farko, in duba rubutun a tsohuwar waya. Na biyu, in duba shi a tsakiyar rana. Na uku, in ba wani dattijo ya karanta. Sai ya wuce ukun nan nake sakin shafi.

Wani injiniya ɗan ƙasarmu ya sa motoci suna ɗauko maniyyata daga filin jirgi. Ya zo mini da kwalin turare, ya ce in haɗa masa shafi, irin rubutun jikin kwalin yake so, siriri, mai lanƙwasa, ruwan zinare a kan fari, har lambar direba. Na ce masa Alhaji, tsofaffi ne za su karanta, a gajiye, cikin rana. Ya kalle ni ya tambaya a wace jami'a na karanta hakan. Ya ce shi digirinsa biyu, kuma shafinsa ba allon mai shayi ba ne. Mutum ne da ba ya karanta saƙon waya sai ya cire tabarau ya kai ta bakin hanci, amma shi ke koya mini abin da ido ke gani. Na raina shi a zuci, a baki na ce to, ranka ya daɗe. Na tsallake matakaina uku saboda na san amsar da za su ba ni.

Bayan wata biyu Gwaggona ta zo Umara. Kwana takwas cif aka ba su a Madina, burinta ta jera salloli arba'in a Masallacin Annabi, za ta fara da azahar ɗin ranar da ta sauka. Ranar ina can garin Yanbu kan wani aiki, wayata a kashe. Tun kafin ta taso na tura mata hoton shafin injiniyan, na ce in ta sauka ta kira lambar. Wani ma'aikaci ɗan Chadi ya ara mata waya, suka yi ta gwadawa, sun kasa bambance ɗaya da bakwai. Sai bayan la'asar ta samu mota.

Da na faɗa wa injiniyan, cewa ya yi mutanenmu ne ba su waye ba. Gwaggo kuwa ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni wane marar imani ne ya yi wannan rubutu, na ce ban san shi ba.

Masu wannan sana'a, ku ji. Launi na mai shafi ne, ado nasa ne. Lambar waya da adireshi na mai karantawa ne, a nan ba a cewa to. Na fi raina kaina a kan injiniyan, domin shi bai sani ba. Gwaggo ta koma gida da talatin da takwas.